Bakin Inna

Talata. An kawo wuta da asuba, na samu na rage guga. Zazzaɓin Abba ya sauka, alhamdu lillahi.

Da la'asar muka biya wurin mai tireda ni da Walida, sayen sabulu da sukari. Ya miƙo canji, ta ƙirga a tafin hannunta, ta ɗago kai ta ce, "Baba, saura naira hamsin." Ga mutane tsaye. Kafin ya buɗe baki na ce, "Ke, yi mana shiru, ba a yi wa manya haka." Mutumin ya sake lissafi, ya cika mata, yana dariya ya ce ai ba sunan Inna kaɗai ta ci ba, har bakin ta gada. Walida ba ta yi dariya ba. Har muka iso gida ba ta ƙara cewa uffan ba.

Tun ɗazu marubuciyar nan bell hooks ke faɗo mini a rai. Gloria Jean Watkins sunanta na yanka, haifaffiyar Hopkinsville a jihar Kentucky ta Amurka, 1952, zamanin da makarantar baƙaƙe daban ta farare daban. Babanta mai shara da kula da gini, mahaifiyarta aikatau a gidajen Turawa. Ita ma a kanti abin ya same ta, tana ƙarama ta je sayen cingam ta mayar wa wani babba magana, aka ce lalle wannan jinin Bell Hooks ce, wata kakarsu ta wajen uwa da ta yi suna da kaifin harshe. Gori aka yi mata, amma da ta girma sai ta ɗauki sunan ta liƙa a littattafanta sama da 30, da ƙananan haruffa, don a dubi aikin ba ita ba. Tana shekara 19 ta fara rubuta Ain't I a Woman, kan abin da bauta da wariya suka yi wa mata baƙar fata, bai fito ba sai 1981. Ta rasu 2021.

Ni na karanta duk wannan, har aron littafin nake ba mutane. Amma yau ni na rufe bakin 'yata, alhali gaskiyarta ta faɗa, kuma cikin ladabi ta faɗe ta. Inna da ranar rabon gado ta miƙe gaban kawunnanmu ta ƙi sa hannu, da ta ji ni yau, ban san da wane ido zan dube ta ba.

Tuwon dare ya yi ruwa. Na leƙa ɗaki, Walida ta yi barci da hijabinta. Hamsin ɗin na nan kan firij inda ta ajiye.