Hazon Sahara a Mashigin Mindelo

Da hantsi, cikin watan Janairu, jirgin ruwanmu ya bar tashar Mindelo da ke tsibirin Sao Vicente a ƙasar Kap Verde, ya nufi Porto Novo ta tsibirin Santo Antao, tafiyar kusan awa guda. A wuyana na rataya wata 'yar na'ura mai suna Microtops, wadda aikinta shi ne auna yawan hasken rana da ya iya ratsa iska ya iso saman teku, har da hasken infirared da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a 1800.

Duwatsun Santo Antao, waɗanda akan hango tun daga Mindelo, sun ɓace ƙurmus a ranar. Wani ma'aikacin jirgin ya ce da ni sunan abin a wurinsu bruma seca, wato busasshen hazo. Ban sha wahalar gane shi ba, domin ƙurar Sahara ce, 'yar'uwar wadda ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta lulluɓe Kano da hunturu, sai ga ta a nan bayan ta tsallaka fiye da kilomita 500 na ruwa.

Awon kansa yana buƙatar haƙuri. Dole ne mutum ya saita na'urar har ɗigon hasken rana ya tsaya a tsakiyar wata 'yar taga, alhali jirgi na tangaɗi, feshin gishiri kuma na sauka a kan gilashin, don haka na riƙa gogewa ina maimaitawa, ina ɗaukar awon da haske ya fi ƙarfi kawai. Tururin ruwa na shanye haske sosai a zangon nanomita 936 (zango shi ne tsawon igiyar haske, nanomita kuma kashi ɗaya cikin biliyan na mita), amma da kyar yake taɓa na 870, kuma daga bambancin biyun ake lissafa yawan ruwan da ke cikin iska. Ƙura da ƙwayoyin gishiri kuwa duka zangon biyu suke dusasarwa, kuma daga wannan dusashewar ake sanin kaurin ƙurar.

Abin da ya sa nake ganin wahalar ta cancanta shi ne, taurarin ɗan'adam na auna ɗumin teku da infirared mai zangon maikiromita 11 da 12 (maikiromita ɗaya nanomita dubu ne), ƙura kuma kan sa ruwan ya bayyana da sanyin da ba shi da shi, sai an san kaurinta a gyara lissafin.

Muna gab da Porto Novo sannan duwatsun suka fara bayyana, littafin awona ya yi danshi, jar ƙura ta kwanta tsakanin shafukansa.