Ruwan da ya kwana a indararo

Mafi yawan waɗanda ke kirana aiki a watan Agusta magana ɗaya suke yi: "Malam, kwanonmu yana yoyo, zo ka liƙe mana." Sun ga silin ya yi tabo, fenti ya kumbura, ko ruwa na bin bango ta bayan labule. In na kafa tsani na hau, sau da yawa sai in tarar kwanon lafiyarsa ƙalau. Ɓarnar tana can bakin rufi, a indararon da ke tara ruwa da fayif ɗin da ke saukar da shi ƙasa. Tun ina yaron shago a hannun maigidana, kafintan rufi a Kano, abin da ya fara cusa mini shi ne kada in yarda da tabo. Ruwa yakan shiga a wuri guda, ya bi katako ko ƙarfen rufi ya yi tafiyar mita 2 ko 3, sannan ya ɗiga a tsakiyar falo. Wanda ya liƙe daidai saman tabon ya ci kuɗin mutane ne kawai, ruwa na gaba zai tona masa asiri.

Mutane ba su cika sanin yawan ruwan da ke sauka a kansu ba. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ne cif. Gida mai rufi murabba'in mita 100, wanda bai kai wani babban gida ba, in aka yi ruwa milimita 30 zai karɓi lita 3,000, wato duro 15 na lita 200. A ƙasarmu kuma ruwa ba yayyafi yake yi yini guda ba. Hadari ne zai haɗo daga gabas, iska ta taso, a zubo shi cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Duk wannan ruwan dole ya bi ta ramin fayif biyu ko uku. Shi ya sa nake jayayya da masu gida a kan faɗin fayif. Bakin fayif mai inci 4 ya ninka na mai inci 2 sau huɗu, ba sau biyu ba, kuma ya kusa ninka na mai inci 3. Bambancin kuɗinsu bai kai na sauya silin ɗin ɗaki guda ba.

Amma babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne, indararo ba ya lalacewa da ruwan da ya wuce, da wanda ya tsaya yake lalacewa. Kusan duk yoyon da na taɓa gyarawa, in na bi diddiginsa, zan iske wani wuri da ruwa ke kwana. Don haka kafin in taɓa gam ko ƙusa, bokitin ruwa nake sa yaro ya miƙo mini. In zuba a can ƙarshen da ya fi nisa da fayif, in tsaya in kalla. In ruwan ya gudu ya fice ya bar ƙasan indararo da ɗan danshi kawai, gangarensa daidai ne. In ya yi tafki a tsakiya, ko ya juyo baya, na ga ciwon.

Gangaren da ake bukata ba mai yawa ba ne, kamar santimita 1 a kowace mita 2 zuwa 3. Daga ƙasa ido ba zai ma lura ba. Sai dai masu kafawa da yawa bin katakon bakin rufi suke yi, alhali shi katakon a miƙe aka buga shi don kyan gani, wani lokaci ma ya riga ya lanƙwashe. Ni zare nake ja daga wannan ƙarshe zuwa wancan, in auna da tiyo mai ruwa irin na birkiloli, sannan in kafa ƙarafan da za su riƙe indararon a kan zaren. Tazararsu kada ta wuce mita 1, in na roba ne ma a matso da su kusa da santimita 60. Dalili shi ne nauyi. Indararo mai faɗin santimita 15 da zurfin 10, in ya cika, kowace mita tana ɗauke da kilo 15 na ruwa. Mita 10 kilo 150 ke nan, nauyin buhun siminti uku, rataye a jikin ƙusoshi. In mariƙan sun yi nisa da juna sai tsakiya ta lotsa, in ta lotsa ruwa ya zauna, in ya zauna ya ƙara nauyi, haka har mahaɗa ta buɗe.

Ga kuma ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana sauka a kan kwano a hankali, ba mai ganinta. Ganyen darbejiya da na mangwaro su zubo, iska ta kawo leda, tantabaru da gwarare su yi sheƙa a bakin fayif. Ruwan farko in ya zo sai ya share wannan duka ya tara a indararo, ya zama taɓo. Taɓon nan ba ya bushewa da wuri, yana riƙe danshi a jikin kwano kwana da kwanaki. Kwanon da muke amfani da shi ƙarfe ne da aka lulluɓe da sinadarin zinki don hana tsatsa, lulluɓin kuma siriri ne ƙwarai, balle a kwanon araha. Danshi ya cinye shi, tsatsa ta kama, sai ka ga ƙananan huji kamar na rariya a ƙasan indararo. Sauro ma a nan yake samun wurin ƙyanƙyasa, a saman ɗakin da yara ke kwana, ana ta sayen maganin feshi.

Kowane irin indararo da halinsa. Na alminiyom ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma ba ya shiri da ɗanyen siminti, yana cin sa, kuma in aka buga shi da ƙusar ƙarfe baƙa, wurin haɗuwar yakan zaizaye da danshi har ramin ya faɗaɗa. Na roba, wato PVC, ba ruwansa da tsatsa, amma yana motsi da zafi. Guda mai tsawon mita 4 yana iya miƙewa da tsukewa kusan milimita 8 tsakanin sanyin asubahin Janairu da zafin azahar na Afrilu. Shi ya sa aka yi mahaɗarsa da zoben roba, aka bar masa wurin numfashi. Wanda ya shafe mahaɗar da gam ya ɗaure ta tamau, rani ɗaya zai tsage ta. In kuma robar ba mai jure rana ba ce, bayan 'yan shekaru sai ta yi fari ta bushe, ka taɓa ta karye.

Inda zuciyata ta fi ɓaci shi ne ginin yayi, wanda ake ɗaga bango a ɓoye rufi a bayansa, a zuba indararon kankare a ciki. Daga titi gidan ya yi kyau, ban musa ba. Amma a tsohon tsari, in indararo ya toshe, ruwa waje yake ambaliya, ya zuba a tsakar gida, kowa ya gani. A wannan tsarin ruwa ba shi da inda za shi sai ciki. Ya cika kwarin kankaren, ya hau ƙarƙashin bakin kwano, ya sauka kan silin. Na shiga wani gida sabo fil, ko shekara biyu bai yi ba, silin ɗin POP na ɗakin uwargida ya rufto cikin dare, Allah ya kiyaye ba kowa a kan gadon. Da na hau, leda ɗaya ce da ƙwallon yara suka toshe fayif mai inci 2, shi kaɗai ne kuma a wannan ɓangaren gaba ɗaya.

Na ce wa maigidan, "Alhaji, ko na buɗe wannan yau, gobe wata ledar za ta zo. A bar ni in huda bango in fitar da mafita ta biyu sama kaɗan da ta farko, in ta ƙasa ta toshe ruwa ya fita ta nan." Ya ce zai ɓata masa fuskar gida. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan bututu ne tsawon taƙi guda, kuma ranar da ka ga yana zubar da ruwa ka san ƙasa ta toshe, ka aiko a share." Da ƙyar ya yarda. Ni a ganina duk maginin da ya yi indararon ɓoye ba tare da wannan mafita ta biyu ba bai gama aikinsa ba.

Kankare kuma shi kansa yana shan ruwa in ba a kare shi ba. Rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, ya yi tsaga sirara musamman a kusurwar da ƙasa ta haɗu da bango. Abin da aka saba yi shi ne a narka kwalta a kwarara a kai, a kan ƙura da danshi, ba share ba komai. Wata biyu ta ɓaɓɓake. Gyaran gaskiya yana cin lokaci. A kankare tsohuwar kwaltar, a buɗe tsagar a cike ta, a yi sabon shafe da siminti mai maganin hana ruwa, a ba shi gangare zuwa fayif, a cike kusurwa ta zama mai lanƙwasa. A bar shi ya bushe sarai. Sannan a shafa kwalta mai ruwa ta farko, a shimfiɗa tabarmar kwalta da wuta, a ɗaga gefenta ya hau bango har ƙarƙashin kwano, a tura bakinta cikin fayif. Mafi yawan yoyon irin wannan indararo a wuyan fayif yake, inda roba ta haɗu da siminti, don ba sa kama juna.

In na shiga cikin birni, ko na je Zariya na ga tsofaffin soraye, nakan tsaya in kalli aikin maginan da. Rufin ƙasa ne a kan azara, abin da ruwa ke iya narkarwa, amma ga shi ya ga jikoki. Sun ba rufin gangare, sun kewaye shi da rawani, sun huda rawanin sun zura indararo, na itacen giginya da aka fafe ko na yumɓu da aka gasa, daga baya na kwano. Kuma dogo suke yin sa, ya yi tsalle da ruwa nesa da jikin bango don kada ya ci gindinsa. Wuyan indararon, inda suka san nan ne rauni, suna shafe shi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin dabbobi da dafara, bango kuma a yi masa makuba ta ɓawon ɗorawa. Abin da ya fi wannan duka, kowace shekara kafin damina sai an hau an duba an yi yaɓe. Ba wanda ke jiran ruwa ya faɗa masa. Mu da muka samu kwano da kankare sai muka ɗauka an gama da hawa rufi har abada.

In huji ne na gaske a indararon kwano, ƙarami, gyaransa ba wuya. A goge tsatsar da burushin waya har farin ƙarfe ya fito, a wanke, a bari ya bushe, a yanko ƙyallen kwano irinsa wanda ya fi hujin faɗi, a shafa gam ɗin rufi a ƙarƙashi, a ɗaure da ribit, a sake shafe gefuna. Silikon ba ya kama jiƙaƙƙen wuri ko mai ƙura, komai tsadarsa. A mahaɗa kuma, na sama ne ke hawa kan na ƙasa ta bin hanyar da ruwa ke gudu, ya rufe shi kamar santimita 10. In hujin ya wuce uku ko huɗu a tsayi ɗaya, nakan faɗa wa mai gida gaskiya cewa a sauya wannan tsayin, don tsatsar da ta fito fili kaɗan ce daga wadda ke ciki.

Duk wannan aikin rani ne. Maris da Afrilu, bayan ƙura ta lafa, kafin hadari ya fara haɗuwa. Lokacin komai a bushe yake, gam yana kamawa, kwano ba santsi. A Agusta kuwa mutum yana kan tsani ƙasa a jiƙe, wayar lantarki na wucewa dab da bakin rufi, hadari na taruwa. Ba na barin yarona ya hau sai wani na riƙe da tsanin, ko mai gida zai ji haushin jinkiri.

Sai maganar inda ruwan zai sauka, wadda ake yawan mantawa. Fayif da ya ƙare a gindin bango yana jiƙa harsashin gini, danshi ya hau bulo, fenti ya riƙa zuba daga ƙasa, gara ta samu hanya. A sa masa gwiwa a kai shi kwata, ko a kafa tanki a tara, a bar ruwan farko ya wanke rufi ya zube tukuna. A unguwannin da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, duro 15 a ruwa ɗaya ba abin zubarwa ba ne. Akwai kuma aikin da nake ƙi ko nawa za a biya ni, shi ne juya bakin indararo ya zuba a bangon maƙwabci ko cikin gidansa. A lungunan cikin gari na ga katangar ƙasa ta faɗi saboda haka, na ga zumuncin shekaru ya kai gaban mai unguwa. In wuri ya ƙure, nakan ce a kira maƙwabcin a tsaya tare a duba, a haɗa kuɗin fayif ɗaya mai faɗi da zai kwashe ruwan gidajen biyu zuwa titi.