Sunana a kan kowane layi

Gobe Alhamis zan miƙa katin shiga ofis, bayan shekara shida ina rubuta manhajar kwamfuta a wannan kamfani na Jidda. Na rubuta wannan ne domin ƙannena da suka shigo bayana.

Lokacin da na zo, duba aikin juna ya koma fagen gardama. Sai a ɓata rabin yini kan waƙafi da tsawon layi, kuskuren lissafi kuwa ya wuce ba wanda ya gani. Ni na kawo shawarar mu sa Black, manhajar da ke daidaita tsarin rubutu da kanta, a Python ɗinmu, yaren da muke rubuta manhaja da shi: ya tsayar da layi a harafi 88, ya daidaita alamar zance, ba ya neman ra'ayin kowa. Har gobe ina kan bakana, shawarar daidai ce.

Inda na yi ɓarna shi ne yadda na sake shi. Da yammacin wata Alhamis a watan Yunin 2020 na bi da shi kan dukkan fayilolinmu, na cusa wani ɗan gyara nawa a ciki, na tura a dunƙule guda (commit, wato tarin canjin da ake ajiyewa lokaci ɗaya), ban gaya wa kowa ba. Ran Lahadi reshen kowa, wato kwafin da yake aiki a kai, ya ƙi haɗuwa da uwar aikin, alhali saura 'yan kwanaki harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 ranar 1 ga Yuli. Kwana biyu abokan aikina suka yi suna warware abin da na ɗaure. Wannan laifina ne, na kuma amsa.

Wanda ban amsa ba ya zo daga baya. Aka gano kuskure a lissafin haraji, mudir, wato shugabanmu, ya shiga Git, ma'ajiyar tarihin aikinmu, ya buɗe git blame mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, sai ga sunana a layin, tunda Black ya taɓa shi. A gaban kowa ya wanke ni tas. Wani dattijonmu haifaffen Makka ya kira ni da dare, ya ce, "Ƙanena, bar jayayya, Git ya iya tsallake dunƙule tun 2019." Muka tsallake nawa, sai ga sunan mudir, shi ya rubuta layin da hannunsa. Na aika masa. Bai ce uffan ba, ƙarin albashin bana kuma ya wuce ni.

Ku ware dunƙulen gyaran tsari shi kaɗai, ku sanar kafin ku tura, ku sa pre-commit, mai duba aiki kafin a ajiye dunƙule, ya tare wanda bai bi tsari ba tun a kwamfutar mai shi. Wanda na kafa yana nan yana aiki, har aikin mudir yakan mayar masa.