Bitar tsaron makaranta tana ƙarewa a otal, mai gadi ko labari bai ji ba

Kusan duk shekara sai an kira bita kan tsaron makarantu, kuma mutanen da ake kira su ne dai na kullum, firinsifal, mataimakinsa, wani lokaci malami guda da sunansa ya faɗa cikin takarda. A tafi babban birnin jiha a zauna a ɗakin taro mai sanyi, a kunna majigi, a raba jaka da biro, a ba da kuɗin mota da satifiket, sannan a ce kowa in ya koma ya koyar da sauran abokan aikinsa. Na daɗe ina koyarwa a makarantar kwana ta 'yan mata, wallahi wannan koyarwar ta biyu da ƙyar ake ganinta, mutum ya dawo ya tarar da makin jarabawa na jiransa, takardun bitar su shiga durowa shi ke nan.

To amma waye yake cikin makaranta ƙarfe biyun dare? Baba mai gadi ne da tocilarsa da sanda, da metiron da ke kwana kusa da hostal, da malamin da ke kan duti, sai masu girki da suke hura wuta tun kafin asuba. Chibok a 2014 cikin dare aka shiga aka kwashi 'yan mata 276, Ƙanƙara a Disambar 2020 cikin dare, Jangebe a Fabrairun 2021 ita ma cikin dare. Waɗanda suke farke a irin wannan lokacin su ne ba a taɓa gayyata bita ba, ko an gayyace su ma da Turanci ake yi, Baba zai zauna ne kawai ya yi ta kallo.

Ba wai takardu ne babu ba fa. Tun bayan Chibok aka kafa shirin kare makarantu a 2014, Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo a 2015, a 2021 aka fitar da manufar ƙasa kan tsaro da hana cin zarafi a makarantu, a shekarar ma Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya kan wannan batu, daga baya aka buɗe cibiyar kai ɗauki ga makarantu a ƙarƙashin sibil difens. Duk sun yi kyau a rubuce. Ni dai tambayata, mai gadin makarantarku yana da lambar DPO a wayarsa? Akwai kati a wayar? Ya san wa zai fara kira, ya san abin da zai yi in ya ga baƙuwar fuska tana zagaya katanga kwana biyu a jere?

Kar wani ya fahimce ni ba daidai ba, malami da alli a hannu ba zai tare ɗan bindiga ba, wannan nauyin gwamnati ne da jami'an tsaro kuma ban yarda a yi mana bita a ce an sauke shi a kanmu ba. Amma akwai namu. Ko rajista kaɗai ta isa misali. Lokacin da aka sace yaran Kuriga a Maris 2024 da farko 287 aka ce, daga baya gwamnatin Kaduna ta ce 137 ne. Ka yi tunanin uwa tana tsaye a bakin get an kasa gaya mata ko ɗanta na cikin waɗanda aka tafi da su. Kiran suna safe da dare, da ajiye kwafin rajistar da lambobin iyaye a wani wuri daban da ofis, ba ya buƙatar kwangila.

Abin da ya fi hana ni barci ma gobara ce, don ita ba ta buƙatar kowa ya zo daga daji. A Yamai cikin Afrilun 2021 yara 20 suka ƙone a azuzuwan zana, a Maraɗi cikin Nuwamban shekarar aka rasa sama da 20, a Ƙauran Namoda almajirai 17 a Fabrairun 2025, Allah Ya jiƙansu. Ku shiga hostal ɗin yawancin makarantunmu da dare ku gani, ƙofa an danna mata kwaɗo ta waje wai don kar yara su fita, makulli yana ɗaure a bakin zanin metiron, tagogi duk an yi musu waldar ƙarfe saboda ɓarayi, ciki kuma katifun soso, gidan sauro, maganin sauro na kunnawa, ga wayar wuta a buɗe da yara ke jona hita a ɓoye. Tsoron masu shigowa ya sa mun rufe duk hanyar fita.

Mu abin da muka yi, wata Asabar muka roƙi wata nas daga asibitin garinmu da wani ma'aikacin kashe gobara suka zo cikin makaranta, aka tara kowa a ƙarƙashin darbejiya, malamai da masu gadi da masu girki da masu shara da firfet-firfet, kuma da Hausa aka yi komai. Mai kashe gobarar ya ɗauko jar tukunyar kashe gobara da ke rataye a ofis ya nuna mana allurar agogonta ta sauka kan ja, wato babu komai a ciki, mu kuwa kullum muna wuce ta muna jin muna da kariya. Ya zo da tasa tukunyar ya kunna wuta a rabin duro, ya sa kowa ya gwada, a zare fil, a saita gindin wutar ba harshenta ba, a matsa ana kaɗawa hagu da dama. Ya ce wa masu girki in mai ya kama a tukunya kar a kuskura a watsa ruwa, a kashe gas a rufe da murfi. Inna mai tuwo ta ce ita duk rayuwarta ruwa ta sani.

Da aka kaɗa ƙararrawa don gwajin fita, yaran duk ƙofa ɗaya suka nufa suna ture juna, ta bayan kuwa da aka je buɗewa kwaɗon ya yi tsatsa sai da aka sa guduma. Da rana ke nan fa, kowa ido biyu.

Ɓangaren nas ɗin ya fi taɓa ni. Duk wanda ya koyar ya taɓa ganin yarinya ta faɗi a asambili tana karkarwa, nan take a yi mata rumfa, wannan ya kawo cokali zai tura mata a baki, wannan ya danne ƙafa, wancan ya kwara ruwa, wasu kuma su gudu wai farfaɗiya ana ɗauka ta miyau. Nas ɗin ta ce ba a ɗauka, kuma kar a sa komai a bakinta, a janye benci da duwatsu, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, in ta lafa a kwantar da ita ta gefe, in ya wuce minti 5 a nufi asibiti. Addu'a a yi ta, ba ta hana wannan. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi za a yi ta zubawa kamar minti 20, ba makilin ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba manja ba. Mai haɓo ya sunkuyar da kai gaba ya matse hanci, ba ya ɗaga kai sama jinin ya bi maƙogwaro ba. Saran maciji kar a tsaga kar a ɗaure da igiya, a hana shi motsi a ɗauke shi zuwa asibiti. Na yi NCE na yi digiri, ba wanda ya taɓa koya min ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ina ganin ya kamata hukumar rajistar malamai ta TRCN ta sa wannan horo cikin sharuɗɗan ba malami lasisi.

Nas ɗin ta kuma yi wata magana da ɗakin malamai ba ya son ji, cewa wani lokaci wanda ke cutar da yaro yana cikin ma'aikata. In yarinya ta zo ta faɗa maka wani abu, kar ka ce mata ƙarya take, kar ka kira wanda take zargi ka haɗa su gaba da gaba, kar ka yi mata alkawarin ɓoyewa, ka rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗa ka kai inda ya dace. Mun ware malama guda da yara suka sani za su iya zuwa wajenta.

Yanzu makullin hostal uku ne a hannun mutum uku, an yanke ƙarfen taga ɗaya a kowane ɗaki an mayar da shi mai buɗewa ta ciki, an ajiye bokitan yashi, ƙungiyar iyaye da malamai ta biya kuɗin cika tukwanen gobara. Zango mai zuwa in sha Allahu da dare za mu yi gwajin fita, kuma mun aika wa malaman Islamiyya da alarammomin tsangayun unguwa su zo a yi da su, don su ko sunansu ba ya shiga takardar bita.