Kwana Huɗu da Jikokina a Bakin Tekun Filey

Lokacin da 'yata ta gaya mini cewa sun kama mana karaban a bakin teku, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne ayari, domin ma'anar da na yi shekara da shekaru ina koya wa yara a aji ke nan: raƙuma da jakuna da fatake a bayan madugu. Daga Katsina na zo Leeds domin in yi wata biyu tare da su, kuma zuwan nawa ya dace da dogon hutun makarantun Ingila, wanda yake farawa a ƙarshen Yuli ya ɗauki kimanin mako shida. Sai da ta nuna mini hoto a waya na gane cewa abin da mutanen ƙasar suke kira karaban gida ne na ƙarfe da katako, mai tayoyi a ƙarƙashi, wanda ake girkewa a fili ana ba masu hutu haya. Akwai ƙanana da ake ja da mota, amma irin namu ba ya gusawa daga inda aka ajiye shi.

Mun tashi ranar Litinin da hantsi, surukina yana tuƙi, muka bi hanyar A64 wadda ta ratsa ta gefen York da Malton. Tafiyar kimanin mil 70 ce, a tsakanin gonakin alkama da sha'ir da suka fara nuna, amma cunkoson masu zuwa hutu ya sa muka haura awa biyu kafin mu sauka kusa da Filey, wani ƙaramin gari a gaɓar Tekun Arewa.

Karaban ɗin da aka ba mu yana cikin jerin ɗaruruwan irinsa, sahu-sahu a kan ciyawa, kowanne da tukunyar gas a gindinsa. Tsawonsa ƙafa 35 ne, faɗinsa 12, kuma a cikin wannan ɗan wuri aka yanka ɗakunan kwana uku da falo da wurin girki da banɗaki. Bangon kuwa bai fi faifai kauri ba, wanda ya yi tari a wannan ƙarshe sai na wancan ƙarshen ya ji. Ina shiga na ga matsalar da ba wanda ya furta a mota, wato yadda suruka da surukinta za su kwana huɗu suna gogayyar kafaɗa a ƙofar banɗaki guda. Shi ma ya gani. Ya shigo da kaya, ya duba mana alƙibla, wadda take kudu maso gabas a can, sannan ya russuna daga bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, ni zan koma saboda aiki, ranar Juma'a zan zo in ɗauke ku in Allah ya yarda." Na san aikin gaskiya ne, amma na san kara ce ta fi yawa a cikin maganar, kuma na sa masa albarka har cikin raina.

Dalilin da ya sa na damu da wannan tafiya shi ne jikokin nan uku a waya na san su. A gidansu na Leeds kowa yana da ɗakinsa da na'urarsa, sai a gaishe ni da safe a watse. Babban, mai shekara 11, wanda nake kira maigidana, yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake mayar da amsa. Kishiyata mai shekara 8 tana haɗa biyun. Auta kuwa, mai shekara 4, duk abin da ya ji shi yake maimaitawa. Na ƙudurta tun daga gida cewa ba za su ji kalmar Turanci daga bakina ba, ko da yake da shi na ci abinci tsawon aikina.

Da la'asar muka gangara bakin ruwa. Na taɓa ganin teku a Jidda, amma daga nesa, ban taɓa tsayawa na ga yadda yake cika yana janyewa ba. Rairayin Filey ya miƙe kusan mil 5, kuma idan ruwa ya janye sai mutum ya yi tafiya mai nisa a kan jiƙaƙƙen yashi kafin ya tarar da shi. Bayan awa shida kuma ya dawo ya shafe duk gidajen ƙasar da yara suka gina. Sau biyu yake yin haka a yini da dare, kowace rana yana jinkirta kusan minti 50, bisa tafiyar wata. Maigidana ne ya ɗauki nauyin duba allon da aka liƙa lokutan a kai, ni kuma na ce ba zan karɓi rahoto ba sai da Hausa. Ranar farko da ƙyar ya haɗa "ruwa zai dawo ƙarfe bakwai", yana kallon ƙasa. Ruwan kansa sanyi gare shi kamar na randa a tsakiyar hunturu, duk da haka yaran suka shiga har gwiwa, a tsakanin tutoci biyu masu launin ja da rawaya inda masu ceto suke sa ido.

A arewacin gaɓar akwai wani dogon harshen dutse da ya kutsa cikin teku, ana kiransa Filey Brigg, kuma a can muka yi safiyar Talata. Idan ruwa ya janye yakan bar ƙananan tafkuna a cikin ramukan dutsen, cike da ƙaguwa da dodon koɗi da ciyawar ruwa mai santsi. Wurin yana da haɗari ga wanda ya shagala, domin ruwa yakan zagayo ta baya ya datse hanya, shi ya sa 'yata ba ta ɗauke ido daga agogo ba. Kishiyata ta kama ƙaguwa a bokiti ta kawo mini tana tambayar sunanta. Na faɗa mata, ta yi ta fama da harafin farko, sai na riƙe haɓarta na nuna mata inda sautin yake fitowa a maƙogwaro, kamar yadda na yi wa ɗaruruwan 'ya'yan wasu. Kafin mu mayar da dabbar ruwa ta iya.

Laraba muka hau jirgin ƙasa zuwa Bempton, muka taka kimanin rabin awa daga tasha zuwa bakin dutse. Ban yi zaton akwai abin da zai girgiza ni a wannan shekaru kamar wurin nan ba. Ƙasa takan zo ta yanke tsaye, zurfin fiye da mita 100 zuwa ruwa, kuma dutsen fari fat ne domin na alli ne, irin wanda na ƙarar da ƙuruciyata ina rubutu da shi. Tsuntsayen teku kusan rabin miliyan suke zuwa yin sheƙa a jikinsa kowace shekara, kukansu da warinsu suna tarbar mutum tun kafin ya gan su. Akwai wani babba fari, mai baƙin bakin fiffike da kai ruwan ƙwai, wanda yake naɗe fikafikansa daga sama ya faɗa ruwa kamar mashi. Na ce "Tabarakallah", auta ya ɗauka, har muka koma tasha yana faɗa wa duk tsuntsun da ya gifta.

A daren nan aka yi ruwa. Rana a can ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 a wannan lokaci, saboda haka ban daɗe da idar da lisha ba iska ta taso daga teku, karaban ya riƙa rawa, ruwa yana dukan rufin da irin ƙarar da yake yi a kan kwano a watan Agusta. Na'urar ɗumama ɗaki ta ƙi kamawa, barguna kuma ba su wadatar ba. Ɗaya bayan ɗaya yaran suka shigo ɗakina, wanda gadonsa da ƙyar yake ɗaukar mutum biyu, muka cushe mu huɗu, uwarsu ta zauna a bakin ƙofa da mayafi. Na ce "Ga ta nan, ga ta nanku," sai aka yi shiru, domin ba su san amsar ba. Uwar ce ta amsa daga inda take, da wata murya da rabona da ji tun tana 'yar firamare, kuma na ga ta kawar da fuska. Na ba su ta Gizo da Ƙoƙi har guda uku, biyu suka yi barci, babban ya tsaya yana tambayata dalilin da ya sa ba a taɓa kama Gizo ya daddara ba, kuma bai lura da harshen da yake tambayar da shi ba.

Scarborough, inda muka je Alhamis, ta cika da jama'a da shagunan wasa masu ƙara, ba ta kwanta mini kamar Filey ba, ko da yake tun da jirgin ƙasa ya iso ta a 1845 mutanen Yorkshire suke tururuwa can. Mun ga kangon ganuwar da ke kan tudu tsakanin gaɓoɓinta biyu, auta ya hau jaki a kan rairayi an ja shi da igiya, na gaya masa cewa kakansa a kan irinsa yake kai taki gona. Kafin mu sayi kifi da soyayyen dankali sai da 'yata ta tambayi man da aka yi suyar da shi, domin shaguna da yawa a yankin da kitsen shanu suke yi, muka samu mai man ganye, na barbaɗa mana yajin da na zo da shi daga gida.

Ranar Juma'a ƙarfe 10 ake mayar da makulli. Muna cikin kakkaɓe yashi daga darduma da takalma surukina ya iso, ya tsaya a waje bai shigo ba. Maigidana ya fita da buta a hannu ɗaya da bokitin ƙwaryar koɗi a ɗayan, ya ce, "Baba, sannu da zuwa, yaya hanya? Ruwa ya janye, Kaka ta ce mu je mu gani kafin mu tafi." Uban ya dube shi, ya dubi ƙofar da nake tsaye, sannan ya rufe motar muka gangara.