Ɗakin Shirgi Ya Koma Rumbu

Ni tela ne a Daura. Keken ɗinki ɗaya gare ni, da mata da 'ya'ya biyar, ga Inna a hannuna. In ka cire lokacin sallah, abin da nake samu bai wuce cefanen yau da na gobe ba. Mutum irina in aka yi masa zancen tanadi sai ya ce, me za a ajiye? Canjin kuɗi ne ya sauya mini tunani. A farkon 2023, bayan Babban Banki ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Akwai 'yan canji a asusuna, amma mai gero a kasuwa ya ce shi bai san taransifa ba. A kwanakin nan, duk wanda ya kwana da ƙoshi a unguwarmu mai hatsi a ɗaka ne.

Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga 29 ga Mayu, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki. A ƙarshen Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Wanda bai san ƙasar Daura ba ba zai gane nauyin wannan ba: Kongolam, mashigar iyakar Nijar, na nan kusa da mu, kuma kasuwar Mai'adua da mutanen Damagaram ake cinta. Ta yamma kuwa, 'yan bindiga sun hana manoman Batsari da Safana da Ɗanmusa shiga gonakinsu na nesa.

Inna ce ta ba mu hanya. Ta ga farin 1973, ta ga yunwar 1984, don haka babu abin da ya ba ta mamaki. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗanta na fari. Cewa ta yi, “Kai wannan, kuɗi ba ya tuƙuwa a tukunya. Ka sayi gero da kaka, ka manta da shi har marka.”

Matsalar ita ce kuɗin sayen. Ina cikin adashi da abokan sana'a, kuma kowa rububin kwasar kafin sallah yake yi. Na roƙi uban adashi ya mayar da kwasata watan Nuwamba, lokacin da sabon hatsi ya cika kasuwa. Ba wanda ya yi jayayya, don ba mai son wannan watan. Da kuɗin na sayi gero buhu uku, dawa ɗaya, wake rabin buhu. Muka kwashe tarkacen ɗakin shirgi, muka toshe ramukan ɓera da siminti, muka jera katako a ƙasa don kada danshi ya taɓa buhunan.

Wake shi ne mai wuyar sha'ani, ƙwari ba sa barinsa. Mutane da yawa ƙwayar feshi suke jefawa a ciki, ni kuwa ba zan sa guba a ɗakin da ke manne da makwancin yara ba. Buhun PICS muka saya, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Sai waken ya bushe ƙarau, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. In iska ta ƙare ƙwarin su mutu da kansu. Jarka mai murfi mai kyau ma tana yi, in an cika ta har wuya. Abin kiyayewa shi ne yawan buɗewa; shi ya sa maiɗakina take ɗiban na wata guda a lokaci ɗaya.

Ita ce ma ta riƙe lissafin. Ta auna tiya nawa gidan ke ci a mako, ta rubuta da gawayi a bayan ƙofa. Da damina ta shanya kuɓewa da yakuwa da tafasa, da sanyi kuma, da tumatir da tattasai suka yi arha, ta yanka ta busar. Zogale biyu muka dasa a bakin makwarara, ruwan alwala da na wanke hatsi ne ke raya su. Gas kuwa mun haƙura da shi, ta koma murhun laka mai cin itace kaɗan. Ni ma na mayar wa kekena ƙafarsa, na cire injin. Wuta ta zo ko ta ɗauke, ɗinki na tafiya. Akuya ɗaya da kaji, su ne asusun kuɗin makaranta.

Abin da ba a faɗa wa mai tanadi shi ne, hatsi ba ya ɓoyuwa. Turmi ne ke tona asiri. Da damina ta 2024 ta yi nisa, tsadar abinci ta kai inda mutane suka fito zanga-zanga ranar 1 ga Agusta, sallama ta yawaita a ƙofarmu: ƙanwata, matar maƙwabci da mijinta ya tafi ci-rani, almajiran da suka saba da ɗumamenmu. Na fara tsuke fuska. Maiɗakina ta ce, “Malam, in muka hana su, ran da namu ya ƙare ƙofar wa za mu buga?” Tun daga nan muka ware buhun dawa, muka ce wannan ba namu ba ne. In ya ƙare, za mu iya cewa babu ba tare da ƙarya ba. A ganina duk lissafin tanadin da bai sa rabon dangi a ciki ba, lissafin dokin rano ne. Maƙwabcin nan da ya dawo, shi ya gyara mana rufin ɗakin bai karɓi ko sisi ba.

A 2025 farashin hatsi ya faɗi, waɗanda suka tara don kasuwa suka tafka asara, wasu har suna yi mini tsiya. Ni ban ji komai ba, don ci na ajiye, kuma mun ci.

Inda har yanzu ban sami mafita ba shi ne ciwo. Abinci ana iya auna shi da tiya, amma zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara biyu a mako ɗaya, sai da muka sayar da ɗan akuya. Maganin hawan jinin Inna kuma kowane wata ne, ba ya jiran kaka. Yanzu akwai gwangwani da nake jefa kuɗin ɗinkin hula da na faci a ciki, ba a taɓa shi sai don kemis. Bana ina neman mutum huɗu ko biyar a layinmu mu haɗa gwangwanayen wuri guda, a hannun liman.