Ledar ruwan da na matse da hannuna

Watan Agustan 2019 ne, damina ta kankama, imajansin yara ya cika maƙil har ana haɗa yara biyu a gado ɗaya. Lokacin ban daɗe da gama hausmanshif ba, wato shekarar horon sabon likita, ni kaɗai ne likita a dutin daren sai sista guda biyu. Wajen ƙarfe sha ɗaya aka shigo da wani yaro ɗan shekara uku a goye, kilo 12, kwana huɗu yana zazzaɓi kuma ya yi jijjiga sau biyu a hanya cikin a-daidaita-sahu. Tafin hannunsa fari fat, yatsun sun yi sanyi, yana jan numfashi mai zurfi irin wanda duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara da damina ya san shi. Gwajin maleriya layi biyu. Jijiyar hannu tana bugawa da sauri amma da ƙarfinta, ina jin ta sosai a yatsana, BP ɗinsa ma bai faɗi ba. Ku riƙe wannan ɗin don a nan maganar take.

Uwar ta riƙe min gefen riga tana cewa likita don girman Allah a sa masa ruwa, tun shekaranjiya bai sa komai a cikinsa ba. Kun san mutanenmu, in ba a rataya leda ba gani suke ba a fara aiki ba. Ni ma dai abin da aka koya min kenan, yaro ya zo da hannu mai sanyi a ba shi mil 20 a kowane kilo da sauri, in bai gyaru ba a ƙara. Na samu kanula a karo na biyu, na ɗebi jinin PCV, gwajin da ke nuna yawan jini, na tura lab, na ba da allurar maleriya ta atesunet, sannan na kama ledar nomal salin, wato ruwan gishiri, na matse ta da hannu biyu har mil 240 ya shige cikin kamar minti sha biyar. Yaro ya buɗe ido, hannunsa ya ɗan yi ɗumi, har ya kira mamarsa. Wallahi daɗin da na ji a lokacin ba ya misaltuwa. Shi ne na ce a ƙara wani 240 ɗin. Babbar sistar ta ce min Dokta ba za mu jira sakamakon jinin ba? Na ce mata ai ga shi yana karɓa, na sake kama ledar na matse.

PCV ya dawo 13, wato jininsa ya yi ƙasa sosai. Uban ya fita neman wanda zai ba da jini cikin dare ana ruwan sama, ƙaninsa da aka samo jininsu bai zo ɗaya ba, aka sake fita. Wajen uku da rabi sista ta ƙwala min kira, na zo na tarar jijiya ta ɓace. Na sa abin saurare a ƙirji, fes, babu alamar ruwa a huhu. Muka yi ta danna ƙirji muna busa ambu, jakar hura iska a huhu, har hannuna ya sage, kafin kiran assalatu ya cika. Jinin ya iso gari na wayewa. Uban ya miƙo min hannu ya ce mun gode likita, kun yi iya ƙoƙarinku, kwana ne ya ƙare. Wannan godiyar ita ce har yau take ci min rai.

Bayan kwana biyu wata babbar likitar yara da take zuwa mana duba fayiloli ta ɗauki fayil ɗin, ta daɗe tana kallon takardar ruwa, sai ta ce Dokta me ya sa ka ba shi? Na ce ranki ya daɗe alamun shok na gani, wato jini ba ya zagayawa yadda ya kamata. Ta ce alamomi nawa, jijiyar ta yi rauni? Na yi shiru. Ba ta yi min faɗa ba ko kaɗan, cewa kawai ta yi in je in nemo binciken FEAST in karanta kafin dutina na gaba.

A waya na karanta shi a daren, ina zaune kan benci a bakin ɗakin. An yi shi ne a asibitoci shida a Uganda da Kenya da Tanzaniya ƙarƙashin Farfesa Kathryn Maitland, ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 2011. Yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun jini baya zagayawa daidai, aka raba su uku, wasu aka ɗura musu salin da sauri, wasu albumin, wani ruwan furotin, wasu kuma ba a ɗura ba sai ruwan da ake bari yana ɗiga a hankali, amma kowa ya samu maganin maleriya da antibayotik da jini in yana buƙata. Cikin awa 48 waɗanda aka ba salin kashi 10.5 cikin ɗari suka rasu, na albumin 10.6, waɗanda ba a ɗura wa ba 7.3. Wato a duk yara ɗari da aka matsa wa leda an ƙara gawa uku. Masu binciken fa da suka fara sun ɗauka ruwan ne zai ceci yaran, sai da kwamitin da ke sa ido ya tsayar da aikin a Janairun 2011 tun ba a kai ƙarshe ba. Fiye da rabin yaran maleriya ce da su, kusan ɗaya cikin uku kuma jininsu ya yi ƙasa sosai. Yarona sak.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne nazarin da suka sake fitarwa a 2013. Yaran da aka ɗura wa ruwa sun fi saurin nuna kamar sun samu sauƙi a awar farko, daga baya kuma sai zuciya da zagayen jini su durƙushe, ba cikar huhu da ruwa ba ce ta fi kashe su. Ni kuma duk daren nan huhu nake ta saurara ina cewa tunda ƙirji fes yake ai ruwan bai yi yawa ba. Buɗe idon da ya sa na ƙara leda ta biyu, shi ne dai abin da aka rubuta shekara shida kafin ranar, takardar farko kuma shekara takwas tana nan, ni ban taɓa jin sunanta ba. Ɗan jinin da ya rage masa na bi na tsinka da ruwan gishiri kusan rabin lita.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta gyara ƙa'idarta. Sai alamomi uku sun haɗu, hannu da ƙafa sun yi sanyi, ka danna farce ya wuce daƙiƙa uku bai dawo ja ba, jijiya kuma tana sauri ba ƙarfi, sannan a ba da mil 10 zuwa 20 a kilo cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, ba minti sha biyar ba, in kuma jini ya yi ƙasa sosai to jinin za a nema da gaggawa. Mai alama ɗaya ko biyu ba a ɗura masa. Ƙa'idar Surviving Sepsis ta yara ta 2020, wadda ta shafi sefsis, wato cutar da ƙwayoyinta suka game jiki, ma ta raba, inda babu ICU, ɗakin kulawa ta musamman, kuma BP bai faɗi ba kar a ɗura. Manya ma ba su tsira ba, a Lusaka ta Zambiya an gwada ba manya masu sefsis ruwa mai yawa a awannin farko, sakamakon ya fito a 2017, kashi 48 suka rasu a ɓangaren ruwa mai yawa, 33 a ɗaya ɓangaren. Littattafan da muka yi karatu da su an rubuta su ne a inda injin numfashi yake jira a ɗaki na gaba, mu kuwa silindar oksijin ɗaya muke ja daga gado zuwa gado.

Amma don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya hana mai amai da gudawa ruwa. FEAST bai haɗa da masu gudawa ba, bai haɗa da masu tamowa mai tsanani ko ƙuna ko zubar jini ba. Lokacin kwalarar 2021 na ga wani abokin aiki yana ɗari-ɗari da leda a kan yaron da idonsa ya zurma fata ta tsaya in an ja, saboda ya ji ana cewa ruwa na kisa, sai da na ɗaga murya. Wannan kam ruwa ya fita daga jikinsa dole a mayar masa, ruwan Ringa mil 100 a kilo kamar yadda tsarin C na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare sosai. Yarona ba ruwa ya rasa ba, jini ya rasa, ni ne ban tsaya na bambance ba.

Daminar da ta biyo baya aka kawo wata yarinya kamar an kwafo shi, shekara huɗu, hannu fari, numfashi mai zurfi, jijiya da ƙarfinta. Hannuna har ya kai kan ledar. Na cire shi, na auna suga na ga ya faɗi na ba da ruwan suga na dekstros kashi goma mil 5 a kilo, atesunet mil-giram 3 a kilo tunda ba ta kai kilo 20 ba, antibayotik na seftiriyazon, oksijin, na bar ruwa yana ɗiga ɗis ɗis. Tun kafin PCV ya fito na ce wa uban Malam kira 'yan'uwanka mutum uku yanzu yanzu su zo a gwada jininsu, kar a kawo ɗaya. Kakarta ta yi ta mita, ɗan nan wannan ruwan ai ba ya tafiya, ko ya toshe ne? Na ce Baba da gangan na bar shi haka, jini take buƙata. Ba ta gamsu ba, sau biyu na kama ta tana lallaɓa maƙullin ledar za ta buɗe, ƙarshe sai da na naɗe shi da filasta. Awa biyun nan da muka yi muna jiran jini ban zauna ba, duk minti goma sai na je na taɓa jijiyarta, tsayawa ka kalli yaro ba ka ɗura masa komai ba ya fi matse ledar wuya nesa ba kusa ba. Jini ya hau ƙarfe ɗaya da rabi. Da safe na same ta zaune tana shan koko a hannun kakar, tana ta ƙoƙarin ɓamɓare filastar kanula.

Sistar da ta ce min mu jira sakamakon jini a daren farko ita ce a kan duti ranar ma. Na same ta a wajen ajiye magani na ce Sista ki yafe min, ran nan ke ce da gaskiya. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya Dokta, ta miƙo min fayil ɗin gado na bakwai ta ce wannan ma hannunsa da sanyi, je ka taɓa jijiyar tukuna.